Ranar da Kawu Shahata Ya Fita Daga Tasha

Kawuna Shahata a cikin jirgin ƙasa ya tsufa. Tun yana saurayi yake sayar da shayi tsakanin Alƙahira da Iskandariya, faranti a hannu, daga wannan tarago zuwa wancan. Amma duk zirga-zirgar nan bai taɓa shiga Iskandariya ba. Jirgi na tsayawa sai ya wanke kofuna, ya sayo sukari a bakin tasha, ya koma ciki.

Da gwiwa ta fara damunsa, likita ya ce ya zauna a gida. Zaman ya gagara. Daga ɗaki zuwa baranda, daga baranda zuwa matakala. Ya buɗe tukunya, ya rufe, ya kwance famfon da lafiyarsa ƙalau. Matarsa, Inna Nabawiyya, wadda ke kiransa Abu Ragab, ta gaji.

"Abu Ragab, ka hana ni sakat. Tashi ka kai ni in ga tekun nan da kake cika baki a kansa."

"Ni na ce miki na gan shi? Iskarsa kawai nake shaƙa."

Ina hutun aiki a lokacin, sai na bi su muka hau jirgin Iskandariya. Mun ba shi kujerar taga, amma kafin mu kai tashar Banha ya miƙe. Ya sayi shayi wajen wanda ya gaje shi, ya kurɓa, ya yamutsa fuska.

"Wannan shayi ne ko ruwan ɗauraya?"

"To, Alhaji, ga farantin, nuna mana," in ji mutumin.

Wallahi sai ya karɓa! Ya zagaye taragon yana ɗingishi, fasinjoji na kiransa ta ko'ina, Inna ta rufe fuska da mayafi. A Tanta kuma ya sauka sayen alewa, sai da jirgi ya motsa muka jawo shi ciki.

Da muka isa, a ƙofar tashar ya ja ya tsaya, yana kallon titi kamar wanda aka ce ya faɗa rijiya. Inna ta tura shi da jaka. Yana fita kuwa muka kasa kamo shi. A masallacin Abul Abbas ya yi raka'a biyu, kafin mu sa takalma ya yi gaba. A ganuwar Ƙaitbai ya hau, ya leƙa, ya sauko.

"Mun gani. Sai ina kuma?"

"Sai kabarina, idan ba ka tsaya ba!" in ji Inna tana haki.

A bakin teku ne ya ɗan lafa. Igiyar ruwa ta daki duwatsu ta jiƙe masa riga sharkaf, ya tsaya yana dariya, ga hawaye a idonsa. Muka ci soyayyen kifi a nan, shi a tsaye ya ci nasa.

Tun daga ranar gida bai sake riƙe shi ba. Ya je Suwes, ya je Minya, likita ma ya daina magana. Inna ta raka shi wasu lokuta, daga baya ta ce ƙafafunta ba na aro ba ne.

Makon jiya ya kira ta daga Luksor, wai tsofaffin gumakan garin sun yi masa yawa, zai wuce Aswan. Ta ce ya sayo mata zoɓorodo mai kyau, kuma kada ya kuskura ya taɓa farantin kowa.