Ƙahon Babur ɗin Pak Tukiran

A lungun da ke gangarawa bakin rafi, a unguwarmu ta Yogyakarta, akwai ƙarzane biyu a jikin bango, ɗaya dama ɗaya hagu, daidai ƙirjin mutum. Masu wucewa ba sa kula da su. Na Pak Tukiran mai awara ne, kuma shi da kansa yakan nuna su, ya ce a nan samartakarsa ta tsaya.

Tun yana matashi yake yawon awara a babur, da akwatin katako siriri a baya wanda ya sa aka ƙera masa daidai da lungunan unguwar. Matarsa, Bu Ngatmi, ita ke dafa awarar da asuba. Idan ba ta ƙare kafin rana ta take ba, tsami take yi, wahalar matar ta tashi a banza.

Ya haura hamsin lokacin da ya fara ganin waɗansu dattawa 'yan fansho suna wucewa ta babban titi ran Lahadi, kan manyan babura, hannuwa sama kamar masu shanya. Ya ce wa matarsa bayansa ke ciwo, kan babur ɗinsa ya yi ƙasa da yawa.

"Bayanka ne, Pak, ko idonka?" in ji ta, ba ta ko ɗago daga tukunya ba.

Dogon ƙahon babur na kanti ya fi ƙarfinsa. Sai ya ciro ƙarfen tsohon gado daga bayan ɗaki, ya kai wa Mas Sarju mai walda. A filin gareji ya tsaya ya ware hannuwa iya ƙarfinsa, ya ce haka yake so.

"Pak, babur za ka tuƙa ko ɓauna za ka yi huɗa da ita?"

"Kai dai lanƙwasa, Mas."

Aka lanƙwasa, aka ƙara wa wayar birki tsawo da ta wani mataccen babur, aka shafa baƙin fenti. A babban titi ya ji shi sabo fil. Har madubin wata mota ya leƙa ya gyara zama.

Washegari da safe ya iso bakin lungu da awara cike da akwati. Dokar unguwa ce, mai babur ya kashe inji ya sauka ya tura. Ya sauka, ya tura, ƙaho ya ci bango ta ɓangare biyu, ya tsaya cak. Ya karkata shi, akwati ya fara zubar da ruwa. Ya ja baya, ya ƙi. Da injin na aiki da ya rufa masa asiri, amma shiru ne, kowa ya ji ƙarar ƙarfen. Mata suka leƙo da kwanoninsu. Masu tafiya aiki suka yi layi a bayansa da nasu baburan, kowa na cewa a yi a hankali, Pak, babu sauri, suna duban ƙasa.

Daga can ƙasan lungun Mbah Ponirah, tsohuwar da ba ta taɓa sayen awarar wani ba sai tasa, ta ɗaga murya.

"Tukiran, in ɗora man suya ko in jira ɓaunarka ta rame?"

Rana tana ɗagawa, awara tana jira. Ya dubi ƙahon, ya dubi akwatin da shi da kansa ya auna da lungun nan da igiya tun yana da hankali. Sai ya roƙi aron zarto.

A nan ya zare robar hannun, ya yanke ƙahon ta kowane gefe, maƙwabta suna riƙe masa babur suna ba da shawara. Abin da ya rage bai kai ƙahon ɓauna ba, ya ce na ɗan akuya ne. Faɗinsa ya dawo daidai da na tsohon da ya cire, sai dai tsawo, wanda yanzu ya haifar masa da ciwon bayan gaske.

Awara ta ƙare kafin azahar, domin har waɗanda ba su saba saye ba sun fito kallo sun saya. Da ya koma gida Bu Ngatmi ta dubi babur ɗin, ta tambaye shi yaya bayan. Ya ce da sauƙi. Ya ɗauki guntun ƙarfe ɗaya ya tokare murfin taga da shi don iska ta shigo, sannan ya zauna wanke akwatin.