Mama Saratu da Gidan Iyali Bakwai

Gidan da na tashi a cikinsa, a wani ƙauye can gefen Kuyello, ba gidan dangi ba ne. Iyali bakwai ne a ciki, kuma babu wanda ya haɗa jini da wani. Akwai mu, akwai wani Bafillace da ya daina yawo da shanu, akwai manomi Bagwari da matarsa, sai wasu mata da mazansu suka rasu. Kowa da ɗakunansa da rumbunsa, amma rijiya ɗaya ce, turmi da dutsen niƙa na kowa ne, kuma ran Laraba da Asabar tukunya ɗaya ake ɗorawa a ci tare.

Mama Saratu ce ta kafa gidan. Kirista ce daga kudancin Kaduna, ta zo da mijinta malamin firamare, ya rasu, ita kuma ta ƙi komawa gida. Wata shekara ɗan maƙwabciyarta ya faɗa wuta uwarsa tana gona, ba wanda ya ji kukansa, don gidajen a warwatse suke. Daga ranar Mama Saratu ba ta zauna ba. Ta yi ta sintiri wajen dagaci har ya ba da fili, ta je wajen liman, ta je wajen fasto, ta bi gida gida tana roƙon mutane su gina ɗakunansu a wuri guda. An yi mata dariya, an ce tana so ta mai da 'ya'yan mutane 'yan coci ne. Kakata, Inna Hassu, ita ce ta fara kai ƙasar gini filin. Bayan gidanmu ya tsaya, Mama Saratu ta riƙa hawa babur tana zuwa ƙauyukan Tabanni da wannan magana, har wasu suka kwaikwaya.

Mu yara ba mu san duk wannan ba. Abin da muka sani shi ne wutar tsakar gida. In an yi magariba an ci tuwo, sai a bar garwashin babban murhu, mu jefa masara a ciki, Inna Hassu ta miƙe ƙafafunta masu ciwo wajen ɗumi. Ba ta buɗe tatsuniya irin yadda kowa ke buɗewa. Cewa take yi, "Ku matso, ni ba na maimaita magana." Manya kuma suna zaune a ƙofofin ɗakunansu, wai suna ɓare gyaɗa, amma kunnensu yana wajenmu.

Tana da tatsuniyoyi masu ban dariya da yawa. Akwai guda ɗaya da ba ma so, ita kuwa ta fi yawan kawo ta.

Wai kurciya ce ta ga shaho yana kwashe 'ya'yan tsuntsaye duk lokacin da iyaye suka tafi kiwo. Sai ta bi su ɗaya bayan ɗaya tana cewa su yi sheƙa a tsamiya guda, in wasu sun fita wasu su yi gadi. Kanari ya ce ba zai zauna da hankaka ba, ɓarawo ne. Hankaka ya ce surutun kanari zai kashe shi. Kurciya ta yi ta kai da kawowa har gashin fukafukanta ya fara zuba, sannan suka yarda. Shaho ya zo ya tarar da masu gadi, ya juya. 'Ya'ya suka rayu. Amma kullum sai an yi faɗa, wannan ta ce an yi mata kashi a sheƙa, wancan ya ce jiya ma shi ya yi gadi, kuma duk mai ƙara wajen kurciya yake zuwa. Tun safe tana tsalle daga reshe zuwa reshe tana ba da haƙuri. Damina ta wuce ba ta saka ƙwai ko ɗaya ba.

"Sai me ya faru, Inna?"

"Sai ta gaji."

"Daga nan fa?"

"Daga nan ku tashi ku wanke ƙafa."

Na taɓa yin fushi na ce wannan ba tatsuniya ba ce, tunda ba ta da ƙarshe. Inna ta juya masara a wuta ta ce, "Rabi, ƙarshen ba a wajena yake ba. Ki tambayi masu ɓare gyaɗa." Manya a ƙofofin suka ci gaba da ɓarewa. Mama Saratu ma tana nan a kujerarta, barci ya riga ya ɗauke ta a zaune, kamar kullum.

Ina aji shida Mama Saratu ta rasu. Ta je raba gardama kan wanda zai yashe rijiya, ta dawo ta ce kanta yana juyawa, ta kwanta. Musulmi da Kirista suka haƙa kabarinta tare. Gidan ya ƙara wasu shekaru a daddafe, amma gardamar da ba ta da mai raba ta ba ta mutuwa. Girkin tare ya fara tsayawa, sannan wani ya ja katanga. Abin da ya rage, 'yan bindigar daji suka ƙarasa shi. Yau ba kowa a ƙauyen.

Ni yanzu ina cikin Birnin Gwari, na yi ritaya daga koyarwa. Da mutanen ƙauyuka suka fara shigowa gari da tabarmi a ka, na buɗe gidan da mijina ya bari, muka yi ɗakuna da langa-langa. Iyali tara. Na tsara yadda na gani ina ƙarama, har da girkin tare. Yaran sun koma makaranta, babu wanda ke kwana da yunwa. Amma shekara uku ban yi sallar asuba na koma barci ba. Itace, layin ruwa, akuyar wance ta ci shanyar wance, komai "a kira Malama". Likita ya ce jinina ya hau. Ɗana da ke Kaduna ya ce in rufe gidan in dawo wajensa, kuma wallahi har na fara haɗa kaya. In na tafi, ban san inda mutum arba'in da wani abu za su nufa ba.

Ina ninke zannuwa ne na tuna kurciyar Inna. Shekara da shekaru na ɗauka yabon Mama Saratu take yi, tana koya mana juriya. Ashe ba da mu take ba. Da manyan take, tana roƙonsu su rage wa ƙawarta kaya, ita kuma kunya ta hana ta faɗa musu kai tsaye. Sun ji, sun gane, suka ci gaba da ɓare gyaɗarsu. Ita ma Mama Saratu ba ta taɓa buɗe baki ta ce a taimake ta ba. Ina ƙaunarta har gobe, amma a nan ta yi kuskure, kuma ni ma shi nake yi.

Ba ni da wadda za ta yi mini tatsuniya, don haka na tara mutanen gidana bayan la'asar na faɗa da bakina. Na ce, "Na gaji. Ko ku karɓi gidan nan, ko in rufe shi."

Sai Asabe, wadda ta fi kowa kawo mini ƙara, ta ce, "Malama, ai ba ki taɓa cewa ba." Ta karɓi layin ruwa. Wani dattijo ya karɓi sasanci, matasa suka karɓi itace.

Ba a daina faɗa ba. Jiya ma na ji hayaniya a bakin famfo, har na sa takalmi ƙafa ɗaya. Sai na ji muryar Asabe ta rufe ta kowa, tana yanke hukuncin da ni ba zan yanke ba. Na cire takalmin na koma na kwanta.