Huseina Mai Kai da Ƙeyar Ladan

Huseina mai kai ba ta cika shan kaye a gardama ba, amma akwai wata da ta sha a tashar motar Birnin Gwari, kuma azarar rumfarta ce ta kayar da ita.

Sana'arta farfesun kai, na rago da na akuya, ranar kasuwa har na saniya. A Tsohon Birnin Gwari aka haife ta, gidan mahauta, tun tana 'yar mitsitsiya take riƙe wa ubanta ƙaho yana babbaka. Ta shekara ashirin tana fasa kawuna da ɗan gatarinta, saboda haka ta ɗauka babu mahalukin da zai gaya mata abin da ke cikin kai. Sai ran nan Sista Helen, wata tsohuwar ma'aikaciyar jinya da ba ta wuce rumfar ba ta zauna ba, ta ɗago ƙwaƙwalwar rago a cokali ta ce, "Huseina, kin san wannan abin da kike zuba wa mutane a kwano shi ne mutum gaba ɗayansa?"

"Wannan?" in ji Huseina. "Wannan ai kitse ne Allah ya cusa don kada kai ya riƙa ƙara kamar gwangwani. Hankali a zuciya yake, Sista. Kin taɓa jin wani ya ce ƙwaƙwalwata ta sosu? Zuciya ake cewa."

Direbobi suka ajiye cokula, sun ga abin kallo kyauta. Huseina ta ce hujja uku gare ta. Ta kawo ta farko, ta kawo ta biyu, ta zabura za ta kawo ta uku, wadda ta ce ita za ta rufe bakin asibiti duka. Ta manta rumfar gajera ce. Ji kake ƙum! Ta koma kan kujera daɓas, ludayi a hannu, tana ƙifta ido.

"Me ma nake cewa?"

Sista Helen ta lashe cokalinta tsaf ta ce, "Tambayi zuciyar mana. Ai ita ba ta bugu ba."

Hujja ta uku har yau ba ta dawo ba.

To Huseina irin matan nan ce da in aka kayar da su sai sun je sun gano da me aka kayar da su. Washegari ta fasa kan rago a hankali, ba irin saran kasuwa ba, ta rufe shi da faifai ta kai gidan Sista Helen ta dire. "Nuna mini," ta ce, "amma ban da Turanci."

Sista ta ɗauko tsinke ta shiga nunawa, Huseina kuwa duk inda aka taɓa sai ta raɗa masa suna irin nata. Na gaba, wanda ke bayan goshi, aka ce shi ke shawara, shi ke riƙe mutum kada ya faɗi duk abin da ya zo bakinsa. "Dattijon gida ke nan," in ji ta. Na gefe, daidai kunne, nan ake jin magana a gane ta, kuma can cikinsa ake ajiye abin da ya wuce. Ta ce wannan uwar miji ce, ba ta mantuwa. Da aka gaya mata gani a bayan kai ake yinsa, ido leƙe kawai yake yi ya aika, sai da ta yi salati. Da aka ƙara mata cewa ɓangaren hagu ke juya hannun dama, na dama ya juya hagu, ta ce lallai an daɗe ana munafunci a duniya.

A ƙasa ta baya, wajen ƙeya, akwai wata 'yar ƙarama mai zane-zane siri-siri, wadda Huseina ta saba tsame wa kanta don ta fi laushi. Sista ta ce ita ke saita tafiya, ita ke sa hannu ya kai loma baki ba kunne ba. "Direba," in ji Huseina. Sai jijiyar da ta sauka ta haɗe da laka, mai kula da numfashi da bugun zuciyar da Huseina ta yi ta kurari da ita jiya. Wannan ta kira shi mai gadi, don shi ba ya barci. A mutum sun fi girma, in ji Sista, musamman dattijon gida, amma tsarin zaman kusan ɗaya ne.

Tun daga nan mutanen tasha suka shiga uku. Kwandasta ya yi mata rashin kunya, ta ce, "Kai, dattijon gidanka ya tafi ƙauye ne?" Wani ya manta hularsa a benci, ta aika masa cewa ya gai da uwar mijinsa, ta ji ba ta da lafiya.

Mijinta Malam Habibullahi, wanda kowa ke kira Ladan, ba ya cikin masu shan wannan baƙar magana, don shi ba ya ba da ƙofa. Mutum ne da in ya yi magana goma a yini to an yi baƙi. Huseina na cewa ya tara muryarsa ne don masallaci, ita kuma take yi musu ta gida su biyu. Shekara ashirin da shida yana ladanci a masallacin unguwarsu a Magajin Gari, bai taɓa makara ba. Hanyar abincinsa kuwa zuma. Da can har bakin dajin Kamuku suke kai amya shi da abokinsa Micah, wani manomi da suka taso tare. Da daji ya ƙi shiguwa saboda 'yan bindiga sai suka dawo da amyoyin kan ɗorawoyin bayan gonar Micah.

Daga kan ɗaya daga cikin ɗorawoyin nan ya faɗo, shekara uku da suka wuce. Reshe ya karye da shi, ya sauka ta baya, ƙeya ta sami saiwa. Micah ya goyo shi a babur zuwa asibiti, daga baya aka wuce da shi Kaduna aka ɗauki hoton kai. Likita ya fara yi wa Huseina bayani a hankali, irin yadda ake yi wa mutanen ƙauye, ta tare shi: "Ɗana, direba ne ko mai gadi?" Da ta fassara masa, ya yi dariya ya ce direba ne. Ta ce alhamdu lillahi, mota ko ta karkace tana zuwa gida.

Ladan ya dawo da hankalinsa garau, sai dai tafiya ta zama abin kallo. Yana buɗe ƙafafu, yana tangaɗi, in ya nufi ƙofa sai ya gaisa da bango tukuna. Magana ma ta ɗan yi nauyi, yana jan ta. Kuma ya kafa wa Huseina sharaɗi: kada ta kuskura ta ce wa kowa ƙwaƙwalwa ce. A garin nan da an ce ƙwaƙwalwar mutum ta taɓu, an gama da shi, ba wanda zai tambayi wane gefe. Yara za su bi shi, manya su riƙa yi masa magana da ƙarfi. Ya ce a ce ƙafa ce.

Aka ce ƙafa ce. Mutane suka duba ƙafa, ba karaya ba kumburi. Suka ga kuma duk sati yana hawa bayan babur zuwa ƙauyen su Micah duba amya, ƙauyen da kowa ya san akwai masu dafa burkutu a ciki, ya dawo yana auna faɗin titi. Sai lissafi ya fita da kansa.

Wanda ya fi kowa ƙwazo a lissafin shi ne Shafi'u mai gyaran rediyo, wanda ke kula da lasifikar masallaci. Shi ya riƙe kiran salla wata biyun da Ladan ya yi a kwance, kuma ya ji daɗin muryarsa ƙwarai, shi kaɗai. Jarirai dai sun sha kuka. Shafi'u bai taɓa cewa Ladan na sha ba, Allah ya kiyaye. Cewa yake yi kawai, "Ni dai ban ce komai ba, amma ku dubi tafiyar." Ya faɗa a shago, ya faɗa a wajen alwala, har, wata bakwai bayan faɗuwar, dattawa suka sa ranar zama bayan la'asar don a karɓi makullin lasifika a hannun Ladan.

Ranar da safe Huseina ta sami Ladan zaune ya sa makullin a gaba yana kallo.

"Malam, zaɓi ɗaya. Mashayi ko mai ciwo?"

"Mahaukaci za su ce."

"Wannan nawa ne. Kai dai ba ni bakina."

Ya ɗago ya ce, "Dama yaushe na taɓa riƙe shi?"

Dattawa na zaune a tabarma ƙofar masallaci, Liman a tsakiya, Ladan a gefe kansa a ƙasa, sai ga Huseina da tukunya a ka. Mace ba ta shiga irin wannan zama, amma ba a taɓa jin an kori tukunya ba. Ta durƙusa daga bakin tabarma ta gaishe su, ta buɗe. Kan rago ne dafaffe, an fasa shi biyu, komai na zaune a wurinsa.

"Allah gafarta Malam, sadaka na kawo. Sai dai kafin a ci, a ba ni izini in nuna yadda ake cinsa."

Ƙamshi ya riga ya ba ta izini. Ta ɗauki tsinke ta bi da su ɗaki-ɗaki kamar mai nuna gidan haya: ga dattijon gida, ga uwar miji, ga inda ake gani. Wani tsoho ya shafa bayan kansa a ɓoye. Da ta zo kan 'yar ƙaramar ta ƙeya sai ta ciro ta, ta yanka biyu, ta nuna musu farin zanen da ke ciki mai kama da rassan itace.

"Wannan ita ke riƙe mutum a tsaye. Ita giya ke bugarwa mashayi ya yi tangaɗi, ita kuma saiwar ɗorawa ta buga wa Malam. Ga takardar asibiti. Mashayi in ya kwana yana miƙewa. Wanne cikinku ya taɓa ganin Malam ya miƙe, ko da asuba? Wace irin giya ce wannan mai wata bakwai ba ta saki ba? A gaya mini inda ake sayar da ita in kai wa masu sha labari su huta da asara."

Wani ya tuntsire da dariya, ya mayar da ita tari. Shafi'u ya gyara zama, ya ga ƙofa ta buɗe masa.

"To ai kin faɗa da bakinki, Inna. Ƙwaƙwalwa ce. Wanda kansa ya taɓu zai riƙe mana lokacin salla?"

Ladan ya runtse ido. Abin da ya yi ta gudu ke nan.

Liman ya ɗaga wa Shafi'u hannu. Ya juya ya tambayi Ladan ƙarfe nawa alfijir zai keto jibi. Ladan ya faɗa, har da minti. Liman ya ja masa aya daga tsakiyar wata doguwar sura, Ladan ya ɗauka ya tafi da ita, a hankali, yana ja, amma ko wasali bai faɗi ba. Liman ya tambaye shi wa ya yi limanci ranar da aka sa rufin masallacin nan. Ladan ya faɗi sunan, ya ƙara da cewa ranar Shafi'u ne ya taka kwanon fenti.

"Nauyin bakin fa?" in ji wani dattijo.

"Baba, kiran salla dama ja ake yi," in ji Huseina. "Da yana ja da ƙoƙari, yanzu kyauta yake zuwa."

Liman ya tura makullin gaban Ladan, ya ce shi bai taɓa jin an yi kiran salla da ƙafa ba, a kafa masa ƙarfe a bango ya riƙa dafawa. Ƙarfen na nan har yau, ya yi sumul saboda kamu. Hannuwa suka nufi tukunya. Amma Shafi'u bai iya bari ba, ya ɗaga murya yadda har masu alwala sai da suka juyo.

"Ni dai na faɗa! Kai ɗaya ne. In baya ya lalace, gaba ma ya lalace!"

Huseina ta ɗebo na bayan goshin ragon a cokali, ta miƙa masa da ladabi, hannu biyu. Abin da ta faɗa shi ya rufe zaman, ba a sake tayar da zancen ba.

"Ungo, Shafi'u, dattijon gida ne, ci ko Allah zai sa ya zauna. Shi Malam na baya ne ya bugu, kuma kowa ya san itacen da ya faɗo. Kai da naka na gaba ne, ɗan nan, daga kan wane itace ka faɗo?"