Turaren da Illo Bai Taɓa Ji Ba

Ban da uwarsa da matarsa, duk Agadas ba wanda ya taɓa ganin haɓar Illo majemi. Maza da yawa a garin suna jan amawali su rufe baki, amma shi ko tuwo zai ci, ta ƙarƙashin rawani yake kai loma. Ya haura talatin fuskarsa sumul, ba gemu ba saje, muryarsa kuma ba ta buɗe ba. Abokan aiki sukan kira shi autan majema, ya yi dariya ya ci gaba da cuɗa fata a ruwan bagaruwa. Kwatarniyar da ta fi ɗoyi shi ake bar wa, don bai taɓa yamutsa fuska ba. Suna cewa jarumta ce. Alhali tun haihuwa hancinsa bai san wari ko ƙamshi ba, kuma bai faɗa wa kowa ba.

Matarsa Mairo ta shekara da shekaru a ɗakinsa ba ko ɓatan wata. Uwarsa, Inna Hajara, ta ɗora mata laifin. Jiƙo, sassaƙe, rubutu, ba abin da ba a ɗura mata ba. Tsofaffi suka ce ta riƙe turaren wuta, shi ke jawo miji kusa. Sai ta duƙufa, ta turara zane da shimfiɗa har idanunta su kaɗa. Illo in ya shigo ya ga hayaƙi, sai ya ja numfashi ya ce ya yi ƙamshi.

Shekarar da fari ya tsananta, makiyaya suka sauko bayan gari da ragowar dabbobinsu, dabbobin suka zube a nan. Bayan sojoji sun karɓi mulki, aka kwashi maza a kamyo, babbar motar kaya, su binne mushe kusa da sansanin masu gudun yunwa. Kowa yana amai, Illo yana jan ruɓaɓɓen raƙumi hankali kwance. Wani lokotoro, likita mutumin Damagaram, ya lura da shi, ya kira shi cikin tanti, ya kara masa wata kwalba mai wari mai hawa kai a hanci. Illo ya shaƙa ya ce ƙamshi. Lokotoro ya roƙe shi ya sauke amawali.

Da ya ga fuskar, ya yi masa bayani a hankali. Ya ce akwai saƙon da ƙwaƙwalwa ke aika wa wani ɗan ƙullutu a ƙarƙashinta, shi kuma ya tashi jiki ya balaga, ya iya haihuwa. Yunwa takan tsai da saƙon, shi ya sa matan sansanin suka daina ganin al'ada, amma in sun ƙoshi zai dawo. Wasu kuwa ana haifarsu saƙon bai taɓa fita ba, kuma sau da yawa hancinsu ba ya ji. Akwai allura, sai dai ana yin ta wata da watanni, kuma ko a Yamai da wuya a same ta a shekarar da ake neman gero.

Illo ya tambaya ko matarsa fa.

"Laifin bai taɓa zama nata ba," in ji lokotoro.

Da la'asar Illo ya tarar da Mairo a gaban kasko. Ta rame har wuyanta ya yi tsawo, ga shi ta musanya hatsinta na rabo da ɗan ƙullin turare. Ya zauna ya daɗe yana kallon hayaƙin.

"Kashe garwashin nan, Mairo. Ban taɓa jin shi ba, ko sau ɗaya."

"To me kake yabawa, Malam, duk shekarun nan?"

Ya faɗa mata sauran a gaban uwarsa, ya sawwaƙe mata.

Mairo ta auri wani Chaibou, mai bin ayarin gishiri zuwa Fachi, ta haifi ƴaƴa, amma ba ta sake kunna turare ba. Illo ya koma kwatarniyarsa, bai ƙara aure ba. Inna Hajara kuwa har ta rasu, in an tambaye ta, cewa take fari ne ya raba auren.