Inuwar Ƙarƙashin Motar Baba

Mahaifina ya ƙare ƙuruciyarsa yana tuƙa kamyo, babbar motar kaya, tsakanin Kwatano da Gaya, kuma bai taɓa yarda akwai inuwar da ta kai ta ƙarƙashin mota daɗi ba. Haka direbobin garinmu suke. Je ka bakin gada da rana tsaka, inda manyan motoci ke jiran duwan, wato 'yan kwastan, za ka ga kowace da mutane kwance a ƙarƙashinta kan tabarma, butar shayi a gefe. Baba cewa yake can ne iska ke ratsawa, ɗaki kuwa da rana sai mara lafiya.

Da idonsa ya yi rauni ya bar tuƙi, sai ya sayo abin da unguwa ta daɗe tana yi wa dariya. Wata tsohuwar mota ce mai ɗaki a ciki, irin ta Turawa masu yawon buɗe ido, da gado da wurin girki. An tsallako da ita daga Malanbil, can tsallaken gada, ba mai so. Ya ce zai riƙa kai 'yan kasuwa Tunuga da ita. Ba ta taɓa ganin Tunuga ba. A filin bayan gidanmu ta samu wurin zama, wajen da ƙasa ke gangarawa zuwa kogi.

Ƙafafunta ne suka sace masa zuciya. Ƙafafu huɗu ne na ƙarfe a naɗe a cikinta, in ka danna maɓalli kusa da kujerar direba sai su sauko da gurnani su dafa ƙasa. An yi su ne don daidaita motar in wuri ya karkace, kada mai barci ya gangaro daga gado. Baba ya gano in ya ci gaba da dannawa suna ɗaga ta har tayoyi su bar ƙasa. Motar gajera ce, ba a shiga ƙarƙashinta, amma in ta miƙe kan ƙafafun nan sai ga inuwa daidai kwanciyar mutum. Gadon da ke ciki kuwa, da katifarsa, kajin Inna suka gaje shi.

Ni ce babbar 'yarsa, sunan mahaifiyarsa gare ni, shi ya sa yake ce mini uwata. Lokacin ina gida ina koyarwa a lakwal, makarantar boko. Kusa da maɓallin akwai hoton mutum kwance ƙarƙashin mota an ja masa jan layi. Na nuna masa. Ya ce wannan Bature ne a hoton, shi kuwa ya sha barci ƙarƙashin kamyo cike da siminti. Na ce kamyo kan tayoyinta take tsaye, wannan kuwa in tiyon mai ya fashe ko ƙasa ta lotsa, shi ke nan. Ya yi dariya ya ce yanzu har kanikanci ake koyarwa a lakwal ke nan.

Tsoro ya kama ni, na gaske. Na kai ƙara wurin Inna, ta ce ita da ta kasa raba shi da hula ɗaya tun aurensu, ina za ta iya raba shi da mota. Na je wurin amininsa, wani tsohon makaniki. Ya ce maganata gaskiya ce, ya zo musamman don ya yi masa faɗa. Da na leƙa bayan azahar, su biyu na gani kwance a ƙarƙashin suna minshari. Ranar haushi ya hana ni cin abinci.

Sai na sa mai amalanke ya kawo kututturan giginya, muka tura su ƙarƙashin motar yana masallaci. Da ya dawo ya tsaya ya dube su, ya sa aka mirgino su waje, suka zama kujerun baƙi.

"Uwata," ya ce, "so kike a ji a tasha na tsufa har ina tsoron mota?"

Ba a ɗaga wa uba murya, kuma ko na ɗaga ba ji zai yi ba. Na koma ina sauraren gurnanin ƙafafun nan kullum da azahar.

Cikin damina abin ya faru, muna hutu. An yi ruwa da safe, rana ta fito da zafi. Ina wanki a tsakar gida, ban ji wata ƙara ba. Muryarsa kawai na ji yana kiran uwata, kamar mai neman ruwan sha. Na fita da kumfa a hannu. Ƙafa ɗaya ta baya ta nutse cikin laka, motar ta karkata, ƙarfen cikinta ya danne masa ƙugu.

Na faɗa kujerar direba na danna maɓallin. Ƙafar ta yi gurnani ta ƙara shigewa cikin lakar, motar ko motsi.

"Daina," ya ce. "Ƙara nauyi take."

Na sauko na sa hannu biyu ina ƙoƙarin ɗaga mota, ni da buhun shinkafa ke gagara. Inna ta ruga neman mutane ba ko mayafi. Ni kuwa babu abin da ya rage mini, sai na kwanta cikin lakar na miƙa hannu na riƙe nasa. Yana ta salati a hankali, ina kallon ƙarfen ko zai ƙara sauka. Ban taɓa jin na zama banza kamar lokacin ba.

Direbobi suka zo daga bakin gada da kirik na ɗaga kamyo da katakai. Suna ɗagawa suna tura kututturan nan nawa, har aka jawo shi. Aka kai shi likita, daga can aka wuce da shi babban asibitin Doso. Ƙugun ya karye, bai sake tafiya ba sai da sanduna biyu.

Da aka dawo da shi ya yi watanni a ɗaki. Ba ya barci da rana, sai ya ƙura wa kwanon rufi ido. Mutumin da ke cika gida da tsokana ya koma sai eh da a'a. Motar tana nan yadda direbobin suka bar ta, zaune kan kututturan. Na so a sayar da ita ko a kilo ne kamar tsohon ƙarfe, amma duk wanda na tuntuɓa sai ya ce sai da yardar mai ita.

Wata rana cikin bazara, zafi ya hana kowa sakat, ya kira ni.

"Uwata, ɗauko tabarmar nan."

Na san inda yake nufi. Na buɗe baki zan ce a'a, sai na dubi yadda idonsa ya faɗa. Na fita na bi kututturan ɗaya bayan ɗaya ina harbin su da ƙafa, na duba ƙasa ta bushe ƙamas. Sannan na durƙusa na shimfiɗa masa. Ba ya iya sunkuyawa, ni da Inna muka kwantar da shi muka tura shi ciki a hankali. Kafin Inna ta kai ƙofar gida ya yi barci.

Ni na zauna a rana ina kallon kututturan har aka kira la'asar. Washegari ma haka.