Ranar da aka gwada Hansatu da surukarta

Ɗalibata Hansatu ta ƙame a bakin gadon awo.

Ba a daɗe da samun 'yancin kai ba, ina koyar da aikin ungozoma a Haɗeja. Wata Baturiya ta zo auna ɗalibaina, kuma duk wadda ta faɗi, sallama ce. Ta nuna wata mai ciki, ta umarci Hansatu ta buɗe ta ta duba. Matar kuwa uwar mijin Hansatu ce, ga su Fulani.

Ban taɓa roƙon kowa ba, amma ranar sai da na sa baki. Na ce wa Baturiyar da Turanci, "Kin nemi yardar matar nan? Kunya kike aunawa, ba ilimi ba."

Ta ce, "Aikina za ki koya mini?"

Sai surukar ta ja zanenta ta ce, "Malama, faɗa mata, in yarinyar nan ta ga tsiraicina, ita da gidana har abada."

Na fassara kalma da kalma, ina jiran tawa sallamar. Sai Baturiya ta kira wata matar. Hansatu ta ci jarrabawa.

Ku masu auna ma'aikata a yau, kukan tambaya kafin ku yanke hukunci?