Gonar Murjanin Ojii Seitoku

A ƙauyenmu na bakin teku a Okinawa, inda muke ce wa dattijo Ojii, dattijuwa kuma Obaa, kowa ya san Ojii Seitoku, tsohon masunci mai gardamar tsiya. Ko gaisuwa ce sai ya gyara maka ita.

Shekarar da teku ya yi ɗumi kamar ruwan wanka, murjanin bayan ƙauye ya yi fari fat. Irin mai rassan nan ne kamar ƙahon barewa, maɓoyar ƙananan kifaye. Murjani dabba ne, amma wasu 'yan mitsi-mitsin tsirrai da ke zaune a jikinsa ne ke ciyar da shi. In zafi ya yi yawa sai ya kore su, ya zauna da yunwa. Da yawansa ya mutu, kifi ya watse.

Da masunta suka yi shawarar dasa sabo, Seitoku ya yi dariya har da tari.

"Shuka a cikin teku? To wa zai yi ban ruwa?"

Washegari shi ya riga kowa zuwa bakin jirgi.

Sukan yanko reshe kamar tsawon yatsa, su kafa shi a kan sandar ƙarfe inda rana ke ratsa ruwa. Sai dai gansakuka na shaƙe shi, dole a riƙa goge ta. Nan burushin haƙori ya fara ɓacewa a gidan Seitoku.

"Tsoho, ina burushina?" in ji matarsa, Obaa Hatsue.

"Ya tafi aiki."

"'Ya'yan da na haifa maka, wanne ka taɓa wanke wa baki?"

"Su ai suna da hannu."

Babban abokin gabansa wani kifi ne mai bakin aku, wanda ke gatsar masa rassa. Seitoku ya yi rantsuwa sai ya ci shi da shinkafa. Ranar da ya kama shi, amininsa Zenko ya leƙa kwandon ya ce, "Kai dai ba ka da godiya. Wannan ai shi ke cinye maka gansakukar, ma'aikacinka ne." Seitoku ya yi wa kifin faɗa sosai, sannan ya sake shi.

Bayan 'yan shekaru, wata safiya a farkon bazara, aka ga saman ruwa ya yi ja-ja, ga ƙarni ya cika gaɓa. Murjanin ne ya saki ƙwai. Seitoku ya shigo gida a guje, takalmi ɗaya a ƙafa.

"Sun haihu!"

"Wa ya haihu?" Hatsue ta yar da ludayi.

Da ta gane, ta harare shi, amma ta ɗora tukunyar taliyar soba. Maƙwabta suka yi ta shigowa barka, Zenko na kaɗa sanshin, garayarmu mai tsirkiya uku, yana tambayar kamannin wa jariran suka ɗebo.

Da zafi ya sake dawowa, kusan rabin gonar ya mutu. Seitoku ya yi kwanaki ba ya ko gardama, abin har ya tsorata mu. Daga baya ya yanko rassa daga waɗanda suka jure, ya dasa.

Yanzu gwiwa ta hana shi nitso. Yakan zauna a jirgi yana leƙa ƙasa ta bokiti mai gindin gilashi, yana ƙwala wa masu nitso umarni. Ba sa jin komai a ƙarƙashin ruwa, kuma har yau babu wanda ya gaya masa.